An Kai Labarin Auta Shagon Baffa

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da 'yan matan ɗakin kwanan da kike riƙo a makaranta. Yaya ƙafa? Yaya kunne? Na so in kira ki a waya, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ina ihu har maƙwabta suka leƙo, ke kuwa kina ta cewa in ɗaga murya. Mu nan lafiya lau. Baba yana fama da ciwon baya, amma kin san shi, keken ɗinkinsa ba ya hutawa. Umma ta ce in gaishe ki da kyau.

Gwaggo, ni dai na shiga uku. Malamar adabi a kwalejinmu ta sa mu rubuta gajeren labari, shi ne rabin makin wannan zangon. Da na rasa abin rubutawa sai na ɗauko abin da na tashi ina ji a gida, wato rabuwar Baba da yayansa Baffa a shagon ɗinki. Na sauya musu suna, amma ko makaho ya shafa ya san su ne. Na rubuta shi yadda Baba yake ba mu: yadda Baffa ya fizge almakashi daga hannunsa a gaban masu kawo ɗinki, ya ce yanka ba aikin yara ba ne, alhali Baba ya riga ya tara iyali. Da yadda Baba ya kwance kan kekensa, ya saɓa a kafaɗa, ya fita bai waiwaya ba, ya bar garin gaba ɗaya.

Malama ta dawo mini da shi ja wur, kamar an yanka kaza a kai. A gefe ta rubuta: "Wannan yayan, mutum ne ko ƙyauren ƙarfe? Ba ya tari? Ba ya cin abinci? Ba wanda ya taɓa sonsa?" A ƙasa kuma ta ce: "Ɓangare ɗaya kika ji. Ki nemo ɗayan ki gyara, ko ki maimaita darasin baɗi."

Ba ma wannan ne ya hana ni sukuni ba. Ranar rufe zango kowa zai karanta nasa a zauren taro, an gayyaci iyaye, kuma Baba ya riga ya ce da shi za a yi. In na gyara yadda Malama take so, to na tsaya gaban jama'a ina nema wa Baffa uzuri Baba yana zaune. In na bar shi yadda yake, na faɗi. Kin dai san ko da kuskure ba a kiran sunan Baffa a gidanmu.

Ke kaɗai kika zauna shagon nan da su biyun, lokacin da kike ɗinka musu maɓalli kafin ki sami aikin makaranta. Ga labarin na sa a cikin ambulan. Ki karanta, ki gaya mini abin da na rasa. Don Allah ki mayar mini da shi ta hannun direban da ya kawo miki. Shi kaɗai gare ni, kuma Malama ba ta karɓar gyararre sai an haɗo da na farko mai jan biro.

Ni ce 'yarki,
Auta

*

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta kawo shirun nan. Mu muna nan ƙalau, sai ni da abinci ya daina shiga.

Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, kullum na tare shi a tasha sai ya karkaɗe mini hannu. Ya rantse ya miƙa wa mai gadin makarantarku hannu da hannu. To ko dai kin karanta ne ranki ya ɓaci? Na san na tono abin da manya suka binne, kuma akwai wurin da na ce babu wanda ya buɗe baki a shagon ranar. Wallahi ba da ke nake ba, sai da na aika na tuna ke ma kina ciki. In wannan ne, ki yafe mini.

'Yan ajinmu duk sun miƙa gyaransu na biyu. Wata ma har na uku. Ni kuwa Malama in ta shigo sai ta dube ni ta saman tabarau, ni kuma in dubi fanka. Ko ba za ki ce komai ba, Gwaggo, ki turo mini takarduna.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Auta, sarkin gaggawa,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonki, duka biyun, rana ɗaya. Mura ce ta shigo mana ɗakin kwana, wannan ta tashi waccan ta kwanta, ni ce tafasa ruwa, ni ce raka su ɗakin magani, ban ko leƙa bakin ƙofa ba. Mai gadi kuwa ya soke wasiƙunki a bayan kalanda yana jiran in wuce. Yanzu yaran sun warware, alhamdu lillahi. Ƙafa tana nan da halinta, kunne kuma ya huta da jin abin da bai shafe shi ba. Ki gaishe da Ummanki, ki ce wa babanki ya riƙa tashi daga kan keken nan yana miƙe baya.

Fushi kuma? Ke da aka haifa ungozoma tana hanya, har yanzu ba ki koyi jira ba. Na karanta labarinki sau biyu, na yi dariya, na kuma share ido. Malamarki ba ta yi ƙarya ba. Ki gaya mata Baffanki yana tari, tari ma mai tada maƙwabci. Gyaɗa yake ɓoyewa a cikin gwangwanin maɓalli, ba sau ɗaya na ɗebo gyaɗa zan ɗinka wa riga ba. Kuma ƙa'idar nan ta babba ya yanka, ƙarami ya ɗinka, ba shi ya kafa ta ba, kakanku ne, Allah Ya jiƙansa. Baffanki tsoron yanka yake kamar me. In aka kawo yadi mai tsada ba ya karyawa sai ya gama, wai kada ciki ya cika hannu ya yi nauyi. Babanki kuwa hannunsa ya fi faɗawa, kowa ya sani, shi ma Baffan ya sani. Ina jin wannan ne ma ciwon.

Amma abin da ya faru ranar, ni ban gani ba. Ina baya ina fifita gawayin dutsen guga, sai hayaniya na ji, kafin in fito babanki ya riga ya yi gaba. Ba zan ba ki abin da idona bai gani ba.

Saboda haka na yi abin da ya kamata. Mu a shago ba ma gyara riga mai ita ba ya nan. Sai ya zo an sa masa, an ga inda ta matse da inda ta yi yawa. Shagon yana nan inda kuka bar shi, bayan kasuwa, bai fi in hau mota ɗaya ba. Ranar hutuna na je na miƙa wa Baffanki labarin, na ce 'yar ƙanensa ta ɗinka masa riga, ya gwada. Ya ce in dawo. In ya gama zan aiko miki.

Ki kwantar da hankalinki, ki ci abinci.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Lafiya dai muke, in ana kiran wannan lafiya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Gwaggo, me kika yi mini haka? A tsaye na karanta wasiƙarki a tasha, sai da na nemi benci. Cewa na yi ki gaya mini abin da na rasa, ban ce ki kai wa mai shi ba. Kin kuwa tuna abin da na rubuta a kansa? Na ce bakinsa kamar tsohon zif, ba ya buɗewa sai da faɗa. Na ce ko jaririn da aka kawo awon rigar suna in ya gan shi sai ya fasa kuka. Mutumin da ban taɓa gaisarwa da wayona ba, yayan mahaifina, yau abu na farko da zai fara samu daga hannuna zagi ne shafi-shafi.

In ya aiko wa Baba fa? In ya ba wani ya kawo masa ya ce ga tarbiyyar da ka yi? Na je gida ƙarshen mako, duk sanda wayar Baba ta yi ƙara sai in kasa kunne. Wani ya yi sallama a ƙofa da ƙunshin yadi, na ɗauka ɗan saƙo ne, na saki kofi ya fashe. Umma ta bi ni da ido ta ce, "Ke Auta, ko jarrabawar ce ta taɓa ki?" Na ce e.

Na gwada sake rubutawa da ka, na sa gyaɗar da tarin, amma da na iso ranar almakashi sai in tsaya cak, don ban san inda zan sa Baffa ya duba ba. Na roƙi Malama ta ƙara mini lokaci. Ta ce, "Ranar Alhamis ta sama, ko ki zo da takardunki, tsoho da sabo, ko mu haɗu baɗi in muna raye." Ba ta ko ɗaga kai daga abin da take dubawa ba.

Na san taubasanki ne, kin saba gaya musu duk abin da ya zo bakinki a yi dariya a wuce. Ni 'ya ce, Gwaggo, ba ni da wannan rigar. Don girman Allah ki je ki karɓo, ko ya karanta ko bai karanta ba. In ya yaga, ki tattaro mini gutsattsarin.

Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa, mu ma lafiya. Ga takardunki nan, ba wanda ya yaga. Ki buɗe a hankali, akwai fil a jiki.

Na ji faɗan da kika yi mini, na kuma karɓa. Tsufa ne, muna ganin abu da sauƙi. Amma bari in gaya miki abin da na gani da idona wannan karon.

Da na koma na tarar da shafukanki a shimfiɗe kan teburin yanka, ɗaya gefen ɗaya, ya danne su da almakashi da gwangwanin maɓalli kada iska ta ɗauka. Yaduddukan mutane suna gefe a tule, ba a taɓa ba. Maƙwabcinsa mai sayar da zare ya ce mini tun ranar da na kawo bai yanka ko hular jariri ba. A tsaye yake karantawa, da tabaran nan nasa da ya ɗaure wa ƙafa da zare.

Ya ce, "Wai wacce ce daga ciki?"

Na ce, "Autar. Wadda aka tafi da ita a goye."

Ya ce, "Har ta yi girman zagina?" Sai ya nuna wurin zif ɗin nan da yatsa, ya yi dariya har tarin ya taso. Ya ce, "Wannan ba ita ta ƙirƙira ba, maganar ubanta ce, na san ɗinkinsa."

Na ce masa lokaci ya ƙure miki, in yana da gyara ya yi, in zai wanke kansa ga dama ta samu. Can ya zaro allin awo, shuɗin nan, ya ja layi ɗaya tak a shafin ƙarshe. Ya yagi 'yar takardar da suke rubuta awon mutane, ya juya mini baya ya yi rubutu da fensir, ya soke ta da fil a wurin, yadda ake soke awo a jikin yadi. Ya tattara ya miƙo mini. Na ce ko da saƙo ga ƙanensa? Ya ce in gaishe da 'yar. Ya ɗauki almakashi.

Na leƙa abin da ya rubuta, ni ba waliyyiya ba ce. Ba zan ce miki komai a kai ba. Labarinki ne, ke za ki san yadda za ki yi da shi. Allah Ya ba ki sa'a.

Gwaggo

*

Zuwa ga Gwaggo,

Gaisuwa da ban haƙuri kan zafin wasiƙata ta baya. Saƙo ya iso lafiya, ana gobe Alhamis. Kowa lafiya a gida.

Na ɗauka zan tarar ya goge zagin. Bai taɓa ko ɗaya ba. Inda na ce Baba ya fita bai waiwaya ba, nan ya ja wa layi. Kin riga kin gani, amma bari in rubuta, ko na ji sauƙi: "Ya waiwaya. A bakin ƙofa ya tsaya ya waiwaya. Na gan shi ta madubin gwaji, na sunkuyar da kai kamar ina awo. Sauran duk daidai ne, kada ki taɓa."

Na zauna a ɗakin karatu na sake labarin tun daga farko. Da na sa madubin nan a bangon shagon cikin labarin sai komai ya zauna da kansa, har wuraren da na sha fama da su. Malama ta karanta a gabana, ta juya tsohon ta ga shuɗin alli a kan jan bironta, ta tambaye ni wane ne wannan abokin aikin nata. Sannan ta ce, "Yanzu akwai mutum biyu a shagon. Ki karanta shi haka ranar taro, kada ki rage ko kalma, makinki yana nan."

To, Gwaggo, na tsallake wani rami na faɗa wanda ya fi shi. Da ina tsoron in nema wa Baffa uzuri ne. Yanzu Baba zan ƙaryata. Tun muna ƙanana, in ya zo wurin nan a labarin sai ya daki gwiwa ya ce, "Ban ko waiwaya ba!" Abin da ya fita da shi daga shagon ke nan, shi da kan keke. Ni ce zan tsaya da lasifika in karɓe masa.

Na je gida da niyyar in gaya masa tun kafin ranar. Na tarar yana ɗinka wa kansa sabuwar riga ta zuwa taron. Ya ce, "Zo ki zura mini zaren nan, 'yar boko, idon ya fara gardama." Na zura, na tsaya. Ya ce, "Da magana ne?" Na ce a'a, rigar ta yi kyau.

Duka biyun suna cikin jakata, tsohon da na kwafe da sabon. Ban san wanda hannuna zai zaro ba. Ki yi mini addu'a.

'Yarki,
Auta

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da yaranki. Mun yi hutu, ina gida. Umma tana gaisuwa.

An yi taro. Zauren ya cika, fanka tana juya zafi, lasifika tana ƙara kamar an taka kyanwa. Baba ya zo da wuri ya kama kujera a gaba, sabuwar riga ta sha guga. Da aka kira ni na sa hannu a jaka, na san sarai wanda na kama. Sabon na zaro.

Da farko yana ta gyaɗa kai. Da na zo wurin gyaɗa a gwangwanin maɓalli har ya yi murmushi, sai kuma ya tuna ya haɗe fuska. Da aka fizge almakashi ya waiga ya dubi na kusa da shi, kamar ya ce ka ji ko. Sai karatu ya kawo ni wurin bakin ƙofa. Gwaggo, layin yana ƙarƙashin babban yatsana, da na matsa kaɗan na wuce shi ba wanda zai sani sai Malama. Na karanta. Ban sake ɗaga ido ba har na gama. An yi tafi sosai, da na duba, hannuwan Baba suna kan gwiwoyinsa.

Bai jira shan lemo ba. Ya kama hanyar tasha, ina biye da shi a baya kamar wadda aka kamo da sata. Mun tsaya a rumfar jiran mota, bai dube ni ba.

Ya ce, "Wa ya gaya miki maganar madubi?"

Na ce, "Baffa ne, Baba. Gwaggo ce ta kai masa labarin."

Ya ce, "Waccan mai kunnen ƙashin." Sannan ya miƙo hannu. "Mu gani."

Dama na cire 'yar takardar kafin in miƙa wa Malama sauran. Na ba shi. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya ce har yanzu rubutun nan kamar kaza ta yi tono. Motarmu ta zo, kwandasta yana ta kira, ta cika ta tafi muna tsaye.

Ya ce, "Ashe ya gan ni."

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "Na fa tsaya. Ƙarfen nan yana cin kafaɗata, na tsaya. Da 'kai' kawai ya ce, da na sauke." Ban taɓa jin muryarsa haka ba, kuma ban san inda zan sa idona ba. Na ce ya yafe mini. Ya sa takardar a aljihun gaba ya dafe.

Na ci darasin, Malama ta ba ni maki mai kyau, amma ko daɗinsa ban ji ba. Tun ranar Baba bai ce na yi laifi ba, bai kuma ce ban yi ba. In na gaishe shi yana amsawa, shi ke nan. Keken ma jefi-jefi ake jin sa.

Yau da safe ina shara ya tsaya a kaina ya ce, "Ki rubuta wa Gwaggonki. Tunda ta iya kai saƙon da ba a aike ta ba, ga wanda aka aike ta. Ta je ta tambaye shi, tunda ya gan ni, me ya hana shi kira na."

Ga shi na rubuta yadda ya faɗa, ban gyara ko kalma ba. Don Allah ki je da wuri, Gwaggo, kuma duk abin da Baffa ya ce, mai daɗi ko marar daɗi, ki rubuto shi yadda yake. Ambulan ɗin nan ma Baba ne ya fita da kansa ya sayo, yana nan tsaye a ƙofa yana jiran in liƙe ya kai wa direba.

Ni ce 'yarki,
Auta